Yadda za ka zaɓa wa mai raunin hannu mabuɗin murfin kwalba

Wata Talata da hantsi na biya gida Rafindadi in gaida Hajiya, sai na tarar da ita zaune kan darduma da kwalbar turaren wuta a cinya, garwashin da ke kasko har ya yi toka. Tun safe take son turara ɗaki, murfi ya ce bai san zance ba. Jikoki suna makaranta, matar ƙanena ta tafi awo. Na karɓa na murɗa sau ɗaya ya buɗe. Ta ce, "Allah ya yi albarka. Hannun ne yanzu sai lallaɓawa." Wannan fa matar da ta yi shekara da shekaru tana surfe da daka da jan guga.

A daren na shiga intanet na yi odar wani mabuɗi mai batir, mafi tsada cikin waɗanda na gani. Da ya iso muka ɗora shi kan kwalbar turaren, ya yi ta gurnani yana zamewa saboda maiƙo. Muka mayar da shi kan robar zuma, ya matse ta har ta lotsa, murfi bai ko motsa ba. Yana nan cikin sif har yau, a kwalinsa. Abin da ya raba gardama daga baya yankin roba ne da wani ɗan katako da kafinta ya haɗa. Laifin ba na na'urar ba ne, nawa ne, don na sayi magani ban san ciwon ba. Ga yadda ya kamata in bi tun farko.

Mataki na farko: kalli hannun

Kada ka tambaya, domin iyayenmu ba sa faɗa. "Lafiya lau" za a ce maka. Miƙa kwalba mai murfi da ɗan tauri ka zuba ido, za ka ga inda aikin ke tsayawa.

Wani hannun yana da sauran ƙarfi, zamewa kawai yake yi. Wannan ya fi yawa da hunturu, lokacin da fata ke bushewa kuma kowa ya laɓta basilin ko man kaɗe. Wani kuma da an damƙa sai ka ga an yamutsa fuska an saki, yawanci zafin a gindin babban yatsa yake, inda amosanin gaɓɓai ke yawan kamawa. Akwai wanda ba zafi ba zamewa, ƙarfin murɗawar ne babu, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya, ko wanda aka kwance wa ɗori ba da daɗewa ba, ko mai ciwon suga da yatsunsa suka sage. Sannan akwai mai hannu ɗaya lafiyayye, irin wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki. Mai karkarwar hannu shi ma nasa daban ne, don saita abu a kan murfin ne ke ba shi wahala.

Kowanne da irin mabuɗin da ya dace da shi, kuma na wani na iya zame wa wani azaba. Matsalar Hajiya ta haɗa biyu, zafin yatsa da santsi.

Wani hanzari kafin mu wuce. In raunin farat ɗaya ya zo, musamman in akwai karkacewar baki ko harɗewar harshe, ba maganar kasuwa ba ce, asibiti za a nufa a lokacin. Haka in yatsu na kumbura suna sandarewa da safe har fiye da rabin awa, a ga likita. Ma'aikatan gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina suna duba irin wannan, kuma sukan nuna wa mutum motsa yatsun da zai riƙa yi a gida.

Mataki na biyu: fito da kwalaben ɗakin

Nan ne na yi babban kuskure. Yawancin mabuɗan da ake yabo a intanet an ƙera su ne don ɗakin girkin Turawa, inda kwalba sabuwa ce daga kanti, da murfin ƙarfe wanda ba a taɓa buɗewa ba. A ɗakin Hajiya kuwa, da na jera su kan tabarma, kusan duk tsofaffin kwalabe ne da aka sake cikawa: turaren wuta da humra a kwalbar Bama, man shanu, yajin daddawa, zuma a robar ruwa, man zafi, jarkar man gyaɗa, sai magungunan hawan jini. Sabuwar kwalba guda ɗaya ce tal, ta zaitun da aka kawo mata tsaraba daga Umara.

Bambancin yana da girma, domin abin da ke riƙe murfin ba ɗaya ba ne. Sabuwar kwalba mai murfin ƙarfe, irin ta jam ko zaitun, da zafi ake cika ta a masana'anta a rufe. In ta huce, tururin ciki ya koma ruwa, sai iskar waje ta danne murfin. Iska tana danna kusan kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita, murfi mai faɗin santimita 7 kuwa yana da murabba'i kamar 38. Ko da iskar ciki ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, kamar an ɗora kusan kilo 10 ke nan a kan murfin. Za ka gane irin wannan da ɗan lotsawar da ke tsakiyarsa, wadda ke tasowa da ƙara in an buɗe. In ka kifa murfin za ka ga 'yan kunnuwa a gefe, ba tiredi mai zagayowa ba.

Tsohuwar kwalba kuwa ba ruwanta da iska. Danƙo ne ya riƙe ta, zuma ko sukarin turare ko man shanu da ya daskare a tiredin, ko kuma wani jika mai jin ƙarfi ne ya ɗaure ta kamar yana ɗaure nocin taya.

Ware su kashi biyu. Sannan ka ɗauki tef ɗin tela ka auna faɗin murfi mafi ƙanƙanta da mafi girma. Murfin robar lemo milimita 28 ne, na ruwa ma kusan haka, manyan kwalabe kuma sukan kai santimita 7 zuwa 9. Duba tsayin gefen murfin ma, don gajeren murfi ba kowane mabuɗi ke samun wurin kamawa ba. Gwangwanin Milo da na madarar gari ka ajiye su gefe, su ɓamɓarewa ake yi da gindin cokali.

Mataki na uku: gwada abin da ke gida

Kafin ka kashe ko sisi, wanke murfin da sabulu ka goge shi ya bushe, hannun ma haka. Yanko faffaɗar roba daga tsohon tib ɗin babur, kamar girman tafin hannu biyu, ka wanke ta sosai, a ɗora a kan murfi a murɗa. Safar hannu ta roba da ake wanke-wanke da ita tana yin wannan aikin, haka robar ɗaure kuɗi in aka naɗa uku ko huɗu a gefen murfin. In danƙo ne, a kifa kwalbar a ruwan ɗumi mai ɗan zafi na minti ɗaya, iya murfin kawai: danƙon zai narke, kuma ƙarfe ya fi gilashi buɗewa da zafi. Ba tafasasshe ba, don gilashi na iya tsagewa. Mai ciwon suga da yatsunsa suka sage kada a bar shi ya auna zafin da kansa, zai ƙone bai sani ba.

In wannan ya wadatar, shi ke nan, ka huta. Abu biyu dai a hana: wuƙa da haƙori.

Mataki na huɗu: daidaita mabuɗi da hannun

In matsalar zamewa ce kawai, faifan roba na kanti ya isa, ko mai siffar mazurari da ake kifawa a kan murfi. Na silikon ya fi jure zafinmu da maiƙo, roba ta gargajiya takan yi danƙo ko ta tsattsage bayan bazara ɗaya ko biyu. Kamfanin Dycem na Ingila ya yi suna a kan irin wannan. Sai dai ka sani faifai ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, santsi kawai yake kashewa, damƙar tana nan a kan yatsu.

In sababbin kwalabe masu murfin ƙarfe ne suka fi yawa, akwai ɗan ƙaramin abu mai kama da ofinar lemo, wanda aka fi sani da JarKey, ƙirar Denmak. Ana saƙala bakinsa a ƙarƙashin gefen murfi a ɗaga kaɗan, iska ta shiga ka ji "fus", daga nan ko yaro ya buɗe. Ba ya buƙatar damƙa sam. Bakin cokali mai kauri ma yana yin hakan in aka bi a hankali. Amma a kan kwalbar humra da aka rufe a gida, ko murfin roba mai tiredi, aikin banza ne, don babu iskar da za a saki.

In ƙarfin ne babu, ko damƙa na sa zafi, mai dogon mariƙi ake nema. Lissafinsa irin na makanike ne da ke zura bututu a sifana in noti ya ƙi. Murfi mai faɗin santimita 7, daga tsakiyarsa zuwa gefe 3.5 ne. In mariƙi ya kai hannu santimita 14 daga tsakiya, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin kawai ake buƙata. Kuma da tafin hannu ake tura shi, nauyin ya tashi daga yatsu ya koma damtse da kafaɗa.

Masu mariƙin iri-iri ne, kuma a nan ake yawan sayen kuskure. Akwai mai baki kamar harafin V da haƙoran ƙarfe, ana tura murfin ciki har ya cije. OXO na Amurka na yin irinsa, kamfanin da Sam Farber ya kafa a 1990 bayan ya ga yadda matarsa mai ciwon gaɓɓai ke fama da kayan kicin masu siririn mariƙi. Yana da sauri, sai dai yana tauna murfin roba, kuma sai an ci gaba da tura shi yayin murɗawa. Akwai mai maɗauri na roba kamar bel, ana zagaya shi a murfi a ja, yana ƙara cizo da kansa in ana juyawa. Shi ne dai irin abin da makanikai ke kwance filtar mai da shi, masu aikin famfo ma suna da nasu. Ni a ganina shi ya fi dacewa da gidajenmu, don yana cin ƙaramar kwalba yana cin murfin jarka, ba ya ɓata murfi. Aibinsa shi ne zura maɗaurin na son yatsu masu ɗan kuzari, kuma yana sulluɓewa a gajeren murfi mai maiƙo. Akwai kuma mai farata uku, irin na Kuhn Rikon na Suwizalan, ana juya wani maballi a sama har faratan su kama murfi, daga nan ba sai an matsa komai ba. Ga mai zafin babban yatsa wannan alheri ne, in dai zai iya juya maballin.

Wanda za ka fi cin karo da shi a shagunan kayan kicin shi ne mai kama da filaya, da ramuka huɗu ko biyar manya da ƙanana. Yana da araha, yana da kyan gani, kuma ga murfin robar ruwa da ta zoɓo ba laifi. Amma sai an matse hannayensa biyu tun daga farko har ƙarshe, matsewar nan kuwa ita ce abin da mai ciwon ya rasa. In damƙa ce ke sa zafi, wuce shi.

Mai hannu ɗaya kuma nasa wanda ake kafewa ne. V ne babba da ake ɗaurewa da sukuru a ƙarƙashin kanta ko tebur, a tura murfin ciki daga ƙasa, a juya kwalbar kanta. Mai hannu biyu masu rauni ma yana jin daɗinsa, don duka biyun za su taru a kan kwalbar. Ana sayar da shi, amma kafinta zai haɗa maka cikin awa guda: katako biyu masu kauri a jera su kamar V a kan allo, baki ya fi murfi mafi girma faɗi, a kafa guntun reza ta zarton ƙarfe a cikin gefe ɗaya, ɗaya gefen a bar shi sumul. A gwada kafin a kafe. In an juya kwalba murfin na ƙara shigewa lungu, an dace. In yana turowa waje, a mayar da haƙoran ɗaya gefen. Kada haƙoran su leƙo inda yatsa zai taɓa, kuma a kafa shi daidai inda mai shi zai kai daga zaune. Na Hajiya a ƙarƙashin ɗan teburin gefen gadonta yake.

To mai batir fa? Kada in zalunce shi. Yana da hannaye biyu na waje da ke riƙe kwalba, da na ciki da ke juya murfi, maballi ɗaya ake dannawa. Ga wanda hannayensa biyu suka gaza, ko mai karkarwa, kuma kwalabensa na gilashi ne masu tsayayyen jiki, babu kamarsa. Yawanci batir biyu masu lamba AA yake ci, kuma yana son masu ƙarfi. In za a daɗe ba a yi amfani da shi ba a cire su, don zafi na sa su zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. A kan robar da ke lotsawa kuwa, na riga na ba ka labari.

Mataki na biyar: gindin kwalbar

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk ƙarfin da mariƙi ya ba hannun sama, sai wani abu ya tare shi daga ƙasa, in ba haka ba kwalbar ce za ta yi ta juyi. Mutane da yawa sukan ce mabuɗi bai yi ba, alhali gindin ne ba a riƙe ba. Don haka faifan roba biyu za ka tanada, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko jiƙaƙƙen tsumma a shimfiɗa. Mai zama a ƙasa ta matse kwalbar tsakanin gwiwoyi da zani a naɗe, mai durowa ya sa ta ciki ya tokare da ƙugu. Abu mai ruwa kamar humra ko man gyaɗa kada a kishingiɗar da shi.

Mataki na shida: kasuwa

Ɗauki kwalabe biyu da suka fi taurin kai ka sa a leda, ka adana hoton abin da kake nema a waya, don in ka ce "mabuɗin kwalba" ofinar lemo za a miƙo maka. Fara da masu kayan kicin a Babbar Kasuwa. Mai maɗauri kuma ka tambayi masu kayan famfo da masu kayan gyaran mota, ka ce na roba kake so ba na sarƙa ba, sarƙa tana fasa gilashi. In ba a dace ba, sai saƙon Sabon Gari a Kano, ko odar Jumia da makamantanta, inda dole ka karanta iyakar faɗin murfin da yake ɗauka ka gwada da awon da ka yi.

In mai hannun zai iya zuwa, a tafi da shi. In ba zai iya ba, gwada da hannunka na hagu, da yatsu uku kawai, ka shafa ɗan mai. Duba kaurin mariƙin: siriri yana tilasta yatsu su dunƙule, mai kauri da taushi shi ne hutu. Lanƙwasa shi kaɗan, in roba ce mai sheƙi da ke ƙara kamar za ta karye, ajiye. Shafa haƙoran ka ji ko ƙarfe ne na gaske ko fenti. Ka jinjina nauyinsa, abin da ya yi maka sakayau na iya yi wa tsohuwa nauyi. Kuma ka roƙi mai shago ya yarda da canji in bai yi ba.

Mataki na bakwai: a gida

Kada ka miƙa a kwali ka tafi, za a gode maka a adana shi tare da kwanukan da ba a taɓawa. Zauna ku buɗe kwalba uku tare. Da na ga Hajiya na rikicewa da ɓangaren juyawa, sai na ce, "Hajiya, yadda ake ɗawafi, haka murfi ke buɗewa." Ba ta sake mantawa ba. Na ƙarƙashin tebur ne kawai akasin haka, tunda kwalbar ake juyawa. Masu gashin ƙashi kan ba mai amosanin gaɓɓai shawarar ya buɗe da dama ya rufe da hagu, domin wuyan hannu ya riƙa karkata wajen babban yatsa, ba wajen ƙaramin ba, inda ciwon ke son tura yatsu.

Sai rufewa, wadda ita ce rabin matsalar. Mun kafa doka a gidan: kwalbar Hajiya, Hajiya ce ke rufe ta. A goge bakin kwalba da tiredin murfi kafin a mayar. Zuma mun juye ta a robar da ake matsawa. Turare da humra, da ba a son ƙamshinsu ya fice, babbar kwalba tana nan a ɗaure tam, ana ɗiban na mako a ƙaramar mai sauƙin buɗewa. Murfin magani da sai an danna kafin a murɗa, don yara aka yi shi haka, da tafin hannu ake danna shi a kan faifan roba. In ya faskara, a nemi mai kemis ya sauya mazubi da sunan maganin a jiki, a ɗaga shi sama inda jikoki ba sa kaiwa.

Faifan roba in ya sha ƙurar hunturu yakan daina cizo, sai a ɗauka ya mutu. Ruwa da sabulu kawai yake so, ya bushe a inuwa. A rataye shi a ƙusa kusa da kwalaben, ba a durowar da ita ma sai an yi kokawa da ita ba.

Makon jiya Hajiya ta kira ni, ta ce Goggo ta Ƙofar Sauri ta zo ta ga katakon, tana son irinsa. Na je wurin kafintan na ce ya ƙara yin ɗaya. Ya ce, "Alhaji, kawo mini kwalaben nata tukuna, kuma ka auno mini tsayin teburin."